Labarin Silimar Hosh Ta Jidda

Yau muna so mu ɗan waiwaya baya, gama an ce waiwaye adon tafiya. Abin da ya jawo maganar shi ne, in ka tambayi yaranmu na yanzu yaushe silima ta zo Jidda, sai su ce maka cikin 2019, sa'ad da aka buɗe wadda ke cikin babbar kasuwar nan ta Red Sea Mall. Ba laifinsu ba ne, abin da idonsu ya gani ke nan. Amma dattawanmu sun san ba haka zancen ya ke ba. Tun ba a haifi iyayen yaran nan ba akwai silima a garin nan, har a cikin unguwarmu ta Hindawiyya, ba ta da rufi sai sararin Allah. Ta yi zamaninta aka rufe ta, daga baya kuma rusau ya bi ta kan unguwar kanta. Saboda haka muka ga ya kamata a rubuta abin da aka sani, tun masu sanin suna da rai.

Silimar Mota

Bari mu fara daga nesa, don a gane irin silimar da mu ke nufi. A Amurka akwai wata irin silima da a ke kallo daga cikin mota. Fili ne babba a bayan gari, an kafa wani ƙaton allo a gabansa. Mutum ya zo da iyalinsa cikin motarsa, ya biya a bakin ƙofa, ya sami wuri ya tsaya, su yi kallonsu ba wanda ya sauka. Wani mutum wai shi Richard Hollingshead shi ya fara buɗe irinta a garin Camden na jihar New Jersey, ran 6 ga Yuni, 1933. Abin ya karɓu ƙwarai, har cikin 1958 aka ƙidaya fiye da 4,000 a ƙasar. Daga nan sai ta fara ja da baya. Talabijin ya shiga gidaje, bidiyo ya biyo shi, filayen bayan gari kuma suka yi tsada, mai fili ya ga sayarwa ta fi masa riba. Yau waɗanda suka rage ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

To, me ya haɗa wannan da Jidda? Kwana takwas kafin a buɗe silimar Camden, watau ran 29 ga Mayu, 1933, aka sa hannu a Fadar Khuzam, nan cikin Jidda, a kan takardar da ta ba wani kamfanin Amurka izinin neman mai a gabashin ƙasan nan. Shi ne kamfanin da aka sake wa suna Aramco cikin 1944. Ma'aikatansa Amurkawa da suka zauna a Zahran su suka fara kawo injin haska hoto cikin ƙasar, suna kallo a cikin shingensu. A nan Jidda kuwa ofisoshin jakadun ƙasashe su ma suna nuna fim ga mutanensu da baƙinsu, gama a lokacin duk a garin nan su ke, ba su koma Riyad ba sai cikin shekarun 1980. Direba da kuku da masinja da ke aiki a irin wuraren nan ba makafi ba ne. Sun gani, sun zo sun ba da labari a gida. Da haka sha'awar abin ta ƙetare katanga ta shigo gari.

Da ta shigo gari kuwa ba da mota ta zo ba, domin talakan Jidda na lokacin da ƙafa ya ke yawonsa. Abin da ya rage daga waccan ta Amurka shi ne sararin sama da jiran duhu. Sauran duk irin na garin nan ne.

Yadda Muka Zauna Kudu Da Ganuwa

Kowa a cikinmu ya san yadda kakanninmu suka zo. Wasu aikin hajji ya kawo su, suka yi shekaru a hanya suna tafe suna ƙwadago, suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin ko Bur Sudan. Wasu kuma hijira ce ta fito da su bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato cikin 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, jama'arsa suka ci gaba da tafiya gabas. Waɗanda Allah ya kawo Jidda ba a cikin ganuwa suka sami masauki ba. Suka kafa bukkoki a kudu da ita, a wurin da tsofaffin littattafai ke kira Nakatu. Cikin 1947 aka rushe ganuwar Jidda, gari ya buɗe ta ko'ina. Unguwannin kudu suka cika suka tumbatsa, su Hindawiyya da Sabil da Karantina da Gulail, Bahaushe da Babarbare da Bafillace suna maƙwabtaka da mutumin Yaman da na Habasha da na Somaliya da Balaraben ƙauye da ya zo neman abinci. A irin unguwannin nan, masu yawan jama'a da ƙarancin abin shaƙatawa, silimar hosh ta sami kasuwa.

Mene Ne Hosh?

Hosh a bakin mutanen Hijaz shi ne fili wanda aka kewaye da katanga ba a rufa shi ba, kamar tsakar gida, ko kangon da mai shi bai riga ya gina ba. Jam'insa ahwash, shi ya sa Larabawa ke cewa sinima al-ahwash. Wanda ke so ya buɗe silima ba ya bukatar gini. Abin da ya ke nema shi ne hosh mai faɗi, da bango guda da za a shafa wa farar ƙasa ko a rataya masa farin ƙyalle, da bencina ko kujeru, da lasifika, da injin majigi. Sai kuma mutum ɗaya a bakin ƙofa mai karɓar kuɗi.

Injin da aka fi aiki da shi mai cin zaren fim ne na milimita 16. Zaren a naɗe ya ke a jikin faifai, injin na jan sa ta gaban fitila mai ƙarfi, hoto 24 na wucewa cikin daƙiƙa guda, ido ya ga kamar mutane na motsi. Muryar kuwa a gefen zaren a ke ɗaukarta. Babban faifai guda ya kan ɗauki kamar minti 45, saboda haka fim ɗaya ya kan zo cikin faifai biyu ko uku. In inji ɗaya ne a gidan, dole a dakata in faifai ya ƙare, mai inji ya cire ya ɗaura wani. Zaren da ya sha yawo kuma ya kan tsinke ana tsakiyar faɗa, bango ya yi fari fat, 'yan kallo su ɗauki ihu da fito har a liƙa shi. Wanda duk ya taɓa zama a hosh, in ka tuna masa wannan sai ya yi dariya.

Rashin rufi ba talauci ne kaɗai ya kawo shi ba, dabara ce. Jidda gari ne mai zafi da gumi, ruwan sama kuwa ba ya zuwa sai jefi-jefi. Tara mutum ɗari biyu a ɗaki rufaffe, a zamanin da na'urar sanyaya ɗaki ba ta wadata ba, azaba ce. A fili kuwa iskar teku na kaɗawa da dare. Sai dai hoton ba ya fita sai duhu ya yi, don haka rana ce ke yanka lokacin farawa, ba agogo ba. Wani abin kuma, katanga ba ta hana wanda ya fi ta tsawo gani. Gidan da sorensa ke kallon hosh ya sami silima kyauta, yaron da ba shi da ko kirshi kuwa ya san inda zai hau.

Waɗanda Aka Sani

Sunayen da suka fi fitowa in ana zancen silimar Jidda ta shekarun 1960 da 1970 su ne waɗannan. Akwai silimar Jamjum, ta Fu'ad Jamjum, a unguwar Bagadadiyya, ita ce ta fi suna duk garin. Akwai ta Bab Sharif, wajen tsohuwar ƙofar kudu. Sa'an nan akwai silimar Abu Safiyya a Hindawiyya, wadda ita ce ta fi kusa da yawancin gidajenmu, saurayi ya ci tuwon dare ya taka da ƙafa ya je. Ban da waɗannan, ƙungiyoyin wasan ƙwallo su ma sun riƙa nuna fim a harabarsu. Ba Jidda kaɗai ba, har Ɗa'if da Riyad an yi, a Riyad ma akwai wani lungu a unguwar Murabba da a ke ce wa unguwar silima.

Abin lura shi ne, wuraren nan ba bisa wata doka ta silima su ke tafiya ba, gama babu irin dokar a lokacin. Hukuma ta san da su, wani lokaci ta kau da kai, wani lokaci ta matsa. Wannan ya sa ba a tara musu takardu a ofis ba kamar yadda a ke tara na asibiti ko makaranta. Mu da muka saba da aikin fayil mun san abin da wannan ke nufi. Abin da ba shi da fayil, in masu shi suka mutu ya mutu tare da su.

Galibin masu zuwa hosh maza ne, samari da leburori da ƙananan ma'aikata. Mata da 'yan mata a gida su kan yi nasu kallon. Akwai masu ba da hayar inji da faifai, mai hali ya ɗauko ran biki ko ran salla, a rataya zanen gado a bango, dangi da maƙwabta su taru a tsakar gida ko bisa soro.

Abin Da A Ke Kallo

Fim ɗin Masar shi ne kan gaba, don harshensa kowa na ji. Isma'il Yasin mai ban dariya, da Farid Shauƙi mai dambe da mugaye, da Abdulhalim Hafiz da Farid al-Aɗrash mawaƙa, da Fatin Hamama, duk yaran unguwa sun san fuskokinsu kamar na maƙwabta. Da yawa daga samarinmu a gaban bangon nan suka ƙware da Larabcin Alƙahira. Bayansa sai fim ɗin Indiya, mai tsawo da waƙa da kuka, wanda ko ba ka ji harshen ba ka san wane ne azzalumi. Sai na kaboyi daga Amurka. Cikin shekarun 1970 kuma Bruce Lee ya shigo, yara suka bi lungu-lungu suna harbin iska da ƙafa.

A nan akwai abin da ya haɗa mu da 'yan'uwanmu na gida. A Kano an buɗe silimar Rex tun 1937, ita ma ba rufi, haka yawancin waɗanda suka biyo bayanta a Arewa. Kalmar majigi ma da mu ke faɗa daga can kakanninmu da baƙinmu suka kawo ta, sunan motar gwamnati ne mai yawo gari-gari tana haska hoto a dandali. Alhajin da ya sauka wurinmu daga Kano ko Katsina, in an kai shi hosh, ba baƙon abu ya gani ba. Sau da yawa ma ya riga mu ganin fim ɗin Indiyan, shi ke gaya mana abin da zai faru a gaba.

Ba Kowa Ya Yarda Ba

Kada mu yi wa tarihi kwalliya. Iyaye da yawa a cikinmu ba su so silima ba ko kaɗan, malamanmu ma haka. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce. Suna ganin wuri ne da yaro ke koyon shan taba da yawon dare, ya ga mata ba lulluɓi, ya makara sallar asuba. Yaro nawa ya sha bulala don an gan shi a ƙofar Abu Safiyya? Tsofaffin da ke da labarin gida kuma su kan kawo zancen silimar El Duniya ta Kano, wadda ta kama wuta ran 13 ga Mayu, 1951, mutum 331 suka halaka, mutane da yawa a lokacin suka ɗauki abin ishara ce. Wannan gardama tsakanin uba da ɗa an yi ta a kusan kowane gida. Ita ma tarihinmu ce, ya kamata a rubuta ta yadda ta ke, ba tare da an ci mutuncin kowane ɓangare ba.

Yadda Aka Rufe

Abu uku suka taru suka kashe silimar hosh. Na farko talabijin, wanda gwamnati ta buɗe a Riyad da Jidda cikin 1965, zamanin Sarki Faisal. Na biyu bidiyo, wanda ya fara shiga gidaje a ƙarshen shekarun 1970, mutum ya yi hayar kaset ya kalla a ɗakinsa. Waɗannan biyu su ne dai suka karya silimar mota a Amurka. Na ukun shi ne namu na nan. Ran 1 ga Muharram, 1400, wanda ya yi daidai da 20 ga Nuwamba, 1979, Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka mamaye Masallacin Harami na Makka da makamai, aka yi mako biyu kafin a fitar da su. Bayan wannan fitina al'amura suka tsananta a ƙasar, aka ƙara wa masu wa'azi da masu hani ƙarfi. Zuwa farkon shekarun 1980 an rufe wuraren nuna fim duka. Hosh ya koma hosh, wani ya zama ma'ajiyar kaya, wani garejin mota, wani aka gina shi.

Kallo dai bai mutu ba, gida ya koma. Abin mamaki, sai a wannan zamani na kaset muka fara jin harshenmu a fim. Bayan an yi Turmin Danya a Kano cikin 1990, finafinan Hausa suka yawaita, suka riƙa iso mana a jakar alhazai da 'yan umara. Bangon hosh bai yi zamani da su ba. Sai dai kallon gida daban ya ke da na hosh. A gida kai da iyalinka ne. A hosh kuwa Bahaushe da Bayamane da Bahabashe benci ɗaya su ke zama, su yi dariya lokaci ɗaya, su zagi mugu da baki ɗaya, gobe in sun haɗu a kasuwa suna da abin hira.

Dawowarta

An yi kamar shekara 35 ba gidan silima a ƙasar. Cikin Disamba 2008 aka nuna wani fim na ban dariya mai suna Manahi a Jidda da Ɗa'if na 'yan kwanaki, jama'a suka yi cincirindo. Amma cikin Yuli 2009 aka soke bikin finafinai na Jidda ana gab da buɗe shi. Cikin 2016 Mahmud Sabbag ya yi fim ɗinsa Baraka Ya Sadu Da Baraka a titunan garin nan, aka nuna shi a Berlin ta Jamus, alhali garin da aka yi shi ba shi da zauren da zai nuna shi. Sai ran 11 ga Disamba, 2017, gwamnati ta ba da sanarwar ɗage hani. Ran 18 ga Afrilu, 2018, aka buɗe silima ta farko a Riyad da fim ɗin Black Panther, labarin wata ƙasar Afirka ta almara, 'yan wasansa kusan duk baƙaƙe. Cikin Janairu 2019 ta Jidda ta biyo baya. Har silimar mota irin ta Amurka an buɗe a Riyad cikin Janairu 2021, lokacin annobar korona, shekara 88 bayan ta Camden.

Cikin Disamba 2021 aka yi bikin finafinai na Bahar Maliya karo na farko, a tsohon garin Jidda, manyan 'yan fim na duniya suka hallara. A daidai watannin nan ne kuma aka fara rushe tsofaffin unguwanni, aikin da ya ci gaba cikin 2022 ya shafi unguwa fiye da 60, cikinsu har da Gulail da Karantina da Sabil da Kandara da Hindawiyya. Ba sai mun gaya muku yadda aka watse ba, kowa ya san inda ƙaddara ta jefa shi. Watau a zamanin da silima ta dawo cikin gari da ganga da algaita, a zamanin ne unguwar da ta riƙe ta sa'ad da ba ta da gata ta tashi.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Da can, ko bayan an rufe hosh, dattijo na iya kama hannun jikansa ya bi da shi ta lungu, ya nuna masa ya ce a nan ne, ga inda mai inji ke tsayawa, ga katangar da mu ke hawa. Yanzu wannan hanya ta toshe. Yaron da ya shiga silimar Abu Safiyya yana ɗan shekara 15 cikin 1975, yau ya kai sittin da 'yan kai. Wanda ya je ta yana magidanci kuwa, in yana da rai, ya tsufa ƙwarai. Marubutan garin nan sun fara tattara labarin silimar ahwash, Allah ya saka musu, amma kowa abin da ya gani daga bencinsa ya ke faɗa. In mu ba mu faɗi namu ba, za a rubuta tarihin Hindawiyya ba mu a ciki.

Don haka ga roƙonmu. Wanda ke da tsoho a gida, ya zauna da shi bayan sallar isha ya tambaye shi. Wane hosh ya ke zuwa? A wane lungu ya ke, kusa da wane masallaci ko wace kasuwa? Nawa a ke biya? Wa ke tuƙa injin? Me a ke sayarwa a bakin ƙofa, balila ce ko gyaɗa ko tsiren nan namu da mutanen Hijaz suka ara har da sunansa? A tambayi iyayenmu mata su ma, a wane biki suka fara ganin hoto mai motsi, wace ce ta tsorata ta gudu. Wanda mahaifinsa ya hana shi zuwa, shi ma ya faɗi dalilin da aka ba shi. A rubuta da Hausa ko da Larabci, boko ko ajami, ko a ɗauki muryar a waya. In akwai tsohon hoto, ko tikiti, ko faifan fim da ya rage a ƙasan akwati, kada a zubar. A kawo wa masu buga takardan nan, mu kuwa za mu jera su bi da bi, mu fito da su a fitowa ta gaba in Allah ya yarda, kowane labari da sunan unguwarsa da shekararsa.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, masu zuwa hosh da masu hana zuwa baki ɗaya. Ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya haɗa kan jama'armu duk inda suka watsu. Haza wassalam.